Dawaki nawa zan fara da su a wasan tseren dawaki na intanet?

Ka tambaya ko ka cika barga tun ranar farko, ko ka fara da kaɗan. Fara da huɗu zuwa shida.

Jarin da wasan ya ba ka ba na saye kaɗai ba ne. Kowane doki yana cin kuɗin abinci da na horo ko da yana ɗaure a turke, ga kuɗin shiga tsere, ga ladan mahayi. Wanda ya kwashi dawaki 15 yakan wayi gari ba shi da abin shigar da ko ɗaya tsere, sai ya sayar da su a faɗuwa. Kada sayayya ta wuce rabin jarinka.

Ɗaya ko biyu kuma sun yi kaɗan, domin doki na buƙatar hutu bayan kowane gudu, in ya ji rauni kuwa shiga tsere ta tsaya cak.

Ka haɗa biyu masu gajeren zango, biyu masu dogon zango, da ɗan shekara 2 da za ka yi rainonsa. Goɗiyar kiwo ta jira tukuna, ribarta tana daɗewa. Kafin ka zaɓa, duba ko wasan yana barin a faɗaɗa barga daga baya.