Amsa ga Yayana a Jos kan tsohon karen gonarsa

Yaya, barka da damina. Ka ce kaska da ƙuma sun dami tsohon karenka, ka kuma tambaye ni ko da gaske ne mu Hausawan Manchester har asibiti muke kai kare. Yawancinmu ba ma ajiye shi: gidajen a matse suke, ga batun tsarki, falon da ake zama nan ake shimfiɗa sallaya. Amma 'yan kaɗan da ke da shi, a bayan gida, dole su bi tsarin ƙasar. Dokar kula da dabbobi ta 2006 ta ɗora wa mai dabba nauyin lafiyarta, wanda ya bar ta cikin ciwo babu magani yana iya gurfana a kotu.

Abin da ya fi shiga raina a zaman nan shi ne yadda suke lallaɓa kare idan ya tsufa. Babban kare da ya kai shekara 7 sun sa shi a layin dattawa, naka na gonar Bukuru kuwa ya haura 9. Hanta da ƙoda sun fara gajiya, jinin da kaska ke zuƙa ba ya dawowa da wuri kamar da. Kaskar ma ba shan jini kaɗai take yi ba, tana sa masa zazzaɓin da ke fasa ƙwayoyin jini. Ka ɗaga leɓensa ka duba dasashi. In ya yi fari fat, ga kasala da ƙin abinci, kada ka kwana biyu ba ka kai shi wurin likita ba.

Shi ya sa a nan ba a jira sai an ga kaskar. Likitan dabbobi yakan auna nauyin karen tukuna, don da nauyi ake ƙayyade magani. Akwai NexGard da yake taunawa duk wata, akwai Bravecto mai kai mako 12, akwai Frontline da ake ɗiga masa a ƙeya. Na biyun farko, in karen ya taɓa yin farfaɗiya sai an gaya wa likita. Maganin tsutsar ciki kuma duk wata uku, tunda in ya haɗiye ƙuma wajen susa takan bar masa tsutsa.

Ƙuma kuwa, wadda ka gani a jikinsa kaɗan ce. Ƙwanta da 'ya'yanta suna cikin buhun da yake kwanciya da ƙurar lungunsa. A share, a wanke shimfiɗar da ruwan zafi, a rage ciyawar gefen ɗakin.

Inda nake roƙonka, Yaya, shi ne maganar yaron gona da ya ce a shafa masa baƙin mai ko a yi masa wanka da maganin ƙwarin nan Sniper. Don girman Allah a bari. Zai lashe, kuma jikin tsoho ba ya jure guba. Dabbar nan shekara tara tana kwana a waje cikin sanyin Jos domin ku yi barci, tana da hakki a kanku. Kaskar da ta riga ta kafe, a kama ta da hantsaki daf da fata a ja a hankali, ba ƙonawa, ba matsewa. A riƙa duba cikin kunne da tsakanin yatsu.

Ga cibiyar binciken dabbobi ta Vom kusa da ku tun 1924, likitoci ba su yi muku wuya ba. Ka sa a auna shi cikin makon nan, ka turo mini abin da likitan ya rubuta, kuɗin na wata ukun farko ni zan biya. A gaida su Hajiya da yara.