Amsa ga ɗan koyo: me ya sa layin da ya fito a 120 bai isa hujja ba

Ɗana, ka tambaye ni dalilin da ya sa na hana ka rubuta cewa ka gano enzayim ɗin ACE (enzayim furotin ne mai hanzarta aikin sinadarai a jiki) a samfurin ƙodar da ka gwada, alhali a gwajin western blot, wanda yake jera furotin bisa nauyinsu, layi ya fito baƙi ƙirin, kuma a jikin kwalbar antibodin, wato sinadarin da yake manne wa furotin ɗin da ake nema don ya nuna shi, an rubuta cewa ACE na ɗan'adam yake kamawa. Tambayarka tana bisa hanya, kuma na ji daɗi da ka yi ta.

Matsalar tana wurin da layin ya tsaya. ACE, wanda Leonard Skeggs da abokan aikinsa suka gano a 1956, shi ne yake yanke amino asid (tubalan ginin furotin) 2 daga wani sinadari na cikin jini, anjiyotensin na ɗaya mai guda 10, ya mayar da shi anjiyotensin na biyu mai guda 8, wanda yake tsuke jijiyoyin jini har jini ya hau. Nau'insa da yake a huhu da ƙoda babban furotin ne, yakan tsaya kusa da 170 zuwa 180 a kilodalton, wato ma'aunin nauyin furotin. Naka kuwa a 120 ya tsaya, kuma a daidai nan ne ɗan'uwansa ACE2 yakan fito, wanda aka gano a shekarar 2000. Kusan kashi 40 cikin 100 na ɓangarensu mai aiki iri ɗaya ne, dukansu biyu suna nan a ƙoda, amma ACE2 rage anjiyotensin na biyu yake yi, wato aikinsa kishiyar na ACE ne. Kama da wane ba wane ba ne. Idan ka rubuta sunan ɗaya a madadin ɗayan, ka juya ma'anar binciken gaba ɗaya, kuma wanda zai ɗora aikinsa a kan naka ba zai san inda aka kauce ba.

Yana yiwuwa kuma layin guntun ACE ne da ya karye saboda samfurin ya sha zafi kafin a sarrafa shi. Ka san yanayin Jidda, abin da aka bari a kan tebur babu ƙanƙara ba ya jimawa.

Saboda haka gobe in sha Allahu za ka sake gwajin, amma wannan karon ka jera shaidu a gefensa. Ka sa samfurin huhu a rami guda na jel ɗin da ake zuba samfura a ciki, domin huhu cike yake da ACE, idan antibodin na ƙwarai ne dole layi ya fito a sama, kusa da 170. A rami na gaba ka sa tataccen furotin ACE2, idan antibodin ya kama shi, to magana ta ƙare. Sannan ka yanki wani ɓangare na takardar gwajin ka zuba masa antibodi na biyu, wanda yake kama na farko ya sa layi ya fito, shi kaɗai ba tare da na farko ba, domin mu ga ko shi ne yake manne wa abin da bai shafe shi ba. A ganina shaidar da ta fi kowace ƙarfi ita ce ƙwayoyin halittar da aka cire musu ƙwayar gadon (gene) da take samar da ACE: duk layin da ya fito a can, ba ACE ba ne.

Ka kuma lura cewa antibodin da muke amfani da shi daga jinin zomo aka tato shi, yana kama furotin ta wurare da yawa, kuma kowane zubi yana iya bambanta da na baya. Shi ya sa nake matsa maka ka riƙa rubuta lambar zubin a littafinka, ka kuma rarraba kwalbar a ƙananan mazubai kafin ka sa a firiza, domin yawan narkewa da daskarewa yana kashe ƙarfinsa.

Ko bayan ka tabbatar, antibodi yana nuna maka enzayim ɗin yana nan ne kawai, ba ya nuna ko yana aiki. Mai shan kaftofiril saboda hawan jini yana da ACE a jininsa, layi zai fito, amma maganin ya danne aikinsa. Auna aikin wani gwaji ne daban, kuma idan mun zo gare shi kada ka karɓi jini a kwalba mai EDTA, sinadarin da yake hana jini daskarewa, domin yana kame zink ɗin da enzayim ɗin yake dogara da shi.