Amsa ga Malam kan Her Story: tagwaye ne ko mace ɗaya?

Malam, ka tambaya ko Hannah da Eve na wasan kwamfuta Her Story tagwaye ne da gaske, ko kuwa mace ɗaya ce mai hali biyu. Ni dai na tsaya kan tagwaye, amma sai da muka kwana uku muna gardama da ƙanena a gidanmu na Ƙofar Ƙaura kafin na tsaya.

Ka tuna yadda Sam Barlow ya gina wasan a 2015. Hira bakwai ce 'yan sanda suka yi da matar da ke amsa sunan Hannah da kuma Eve a 1994 kan ɓatan mijinta Simon, aka yayyanka su guntu-guntu, kuma kowace kalma ka nema a cikin hirarrakin, ba za a nuna maka fiye da bidiyo biyar ba. Shi ya sa kowa da inda ya fara, kowa da abin da ya tsaya masa a rai.

Ni jiki na duba, ba baki ba. Akwai zanen tuffa da maciji a hannunta a wata hira, a wata babu. Akwai tabon duka a fuska da ya ɓace cikin 'yan kwanaki. Tunani yana iya rabuwa biyu, amma fata fa? Ƙanena ya ce zanen na mannawa ne, ya kafe a kan labarin ungozoma Florence da ta ɗauke jaririya ɗaya ya yi kama da tatsuniya. Gaskiyarsa, nan ne labarin ya fi rauni.

Abin da ya taɓa ni shi ne ƙwanƙwasa tebur da take yi. Muna da Hassana da Usaina a dangi, haka suke magana da ido ba wanda ya gane. Ka koma ka saurari wannan wurin da abin sawa a kunne.