Ku Tambaya Mu Amsa: Wai ya aka yi Sharm el-Sheikh ta zama garin shugabanni da 'yan hutu?

Assalamu alaikum Malam. Dan Allah a raba mu gardama. Mu dai duk sanda aka ce shugabannin duniya sun taru a Masar sai mu ji Sharm el-Sheikh, ba Alƙahira ba. Wani a majalisarmu ya rantse wai tsohon gari ne tun zamanin Fir'auna, ni kuma nace ban taɓa cin karo da shi a tarihi ba. Wa ke da gaskiya?
Mai karatu daga Ƙofar Ƙaura, Katsina

Wa alaikumus salam. Kai ka ci gardama, ka ce ma abokin naka ya biya kuɗin shayin yau. Garin nan akwai dattawa da dama a cikin Katsina da suka girme shi.

Wurin yana can ƙarshen kudancin yankin Sina'i, inda ƙasa ta tsuke ta shiga Bahar Maliya, bayanshi jajayen duwatsu da hamada, gabanshi teku, daga Alƙahira kuma tafiyar kusan kilomita 500 ce a mota. Ba kogi, ruwan sama sai a shekara ba a ga na kirki ba, shi ya sa da can ba kowa wurin sai Larabawan ƙauye masu raƙuma da 'yan masunta. Abin da ya fara jawo hankali kanshi yaƙi ne. A gabanshi mashigin Tiran yake, duk jirgin ruwan da zai je tashar Eilat ta Isra'ila ko Aƙaba ta Jodan dole ta nan zai ratsa, to ka ga wanda ya kafa bindiga a Sharm ya riƙe maƙogwaron kowa. A rikicin Suwez na 1956 sojan Isra'ila suka kama wurin, suka janye a 1957 aka zuba sojan Majalisar Ɗinkin Duniya. A watan Mayun 1967 Jamal Abdul Nasir ya ce sojan nan su tattara nasu ya nasu, ya rufe mashigin, ai kuwa a watan Yuni aka gwabza yaƙin kwana shida, Isra'ila ta sake mamaye Sina'i gaba ɗaya. Wannan karon zama suka yi, suka gina 'yar unguwa mai suna Ofira, da filin jirgi, da titi ta bakin teku har Eilat, kuma a lokacinsu ne aka fara kafa masaukin baƙi a gaɓar Na'ama. Sai da Anwar Sadat ya yi sulhun Camp David a 1978, aka sa hannu kan yarjejeniya a 1979, sannan a watan Afrilun 1982 wurin ya dawo hannun Masar.

Daga nan Husni Mubarak ya ɗauki garin kamar ɗan lelenshi. Aka dinga yanka filayen bakin teku ana ba masu kuɗi suna zuba otal-otal, a 1983 kuma aka killace Ras Muhammad, wani yankin bakin teku da ke kusa da garin, aka hana ɓarna a ciki, don sun gane arzikin wurin duk a ƙarƙashin ruwa yake. Ruwa ne garau, da duwatsun murjani da kifaye kala-kala, kuma ko da hunturu bai yin sanyin da zai hana mutum shiga. Akwai ma wani jirgin ruwan Ingila, Thistlegorm, da jiragen yaƙin Jamus suka nutsar a 1941 yana ɗauke da kayan soja, har yau yana nan kwance a zurfin kusan mita 30, masu nitso na shiga cikinshi suna tarar da babura a jere da manyan motoci da takalman roba, kifi na shiga ta tagar mota yana fita ta ɗayar. Mutum zai taso tun daga Italiya ko Rasha don ya ga wannan kawai, kai duniya da faɗi take. Sauran kuma gudun sanyi ne ke kawo su, ka biya kuɗi sau ɗaya, tikitin jirgi da ɗaki da abinci duk a ciki, a ɗaura maka 'yar roba a hannu, shikenan ka ci ka sha ka kwanta a rana har sati ya cika.

Amma fa ka lura, ba abin da garin ke nomawa. Ruwan sha daga teku ake tace shi a cire gishirin, tumatir da albasa a manyan motoci ake kawo su daga can gefen Nilu, masu aikin otal ma akasari 'yan ci-rani ne daga Alƙahira da ƙauyukan kudu, iyalansu na gida.

Batun taro kuwa, tsaro ne ya kawo shi. Gari ne da hanyoyin shigarshi ba su da yawa, ba cunkoson Alƙahira, ba ɗalibai masu zanga-zanga, ga filin jirgi a baki ga ɗakuna birjik. Nan aka yi taron yaƙi da ta'addanci na 1996, nan Yasir Arafat na Falasɗinu da Ehud Barak na Isra'ila suka sa hannu kan wata yarjejeniya a 1999, nan Tarayyar Afirka ta zauna a 2008 zamanin marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa, marigayi Buhari ma ya je taron kasuwanci can a Fabrairun 2016, sai taron sauyin yanayi na COP27 a Nuwamban 2022. Shi kanshi Mubarak da aka tunkuɗe shi a Fabrairun 2011 can ya nufa.

Kuma garin ya sha wuya. Bama-baman Yulin 2005 sun kashe mutum 88. Wanda ya fi durƙusar da shi shi ne na ranar 31 ga Oktoban 2015, jirgin Rasha da ya tashi daga filin jirgin garin ya tarwatse a sararin Sina'i da mutum 224, ba wanda ya tsira. Rasha da Birtaniya suka dakatar da jiragensu, otal-otal suka zama kango, ma'aikata suka kama hanyar gida. Birtaniya ba ta ɗage ba sai 2019, na Rasha kuma sai 2021 suka dawo.

*

Malam barka da aiki. Tunda hamada ce aka mayar wurin shaƙatawa, mu me zai hana a yi haka a dam ɗin Sabke ko Zobe ko Jibiya? Matasanmu su samu aiki.
Ɗan kasuwa daga Daura

Alhaji niyyarka mai kyau ce, sai dai a faɗi gaskiya komi ɗacinta. Ba wanda zai ɗauki iyalinshi ya kai su hutu inda yake tsoron a tare shi a hanya, kuma duk mun san halin da yankin Jibiya da Dutsin-Ma suka shiga a shekarun nan. Sharm da duk kuɗin da aka narka mata, jirgi ɗaya ya faɗi ta yi shekaru tana jinya, balle mu. Sannan ni ban ga dalilin da za mu tsaya jiran Bature ba, dam ba teku bane, ba murjani a ciki. Baƙonmu na nan kusa, ɗan Kano da ɗan Maraɗi da ɗan Damagaram da ke zuwa kallon hawan Sallah, ya leƙa rijiyar Kusugu, ya ga Gobarau da Durɓi Takusheyi, da yamma kuma ya rasa inda zai zauna da yara sai ya juya gida. In aka samu wuri mai tsafta a bakin Sabke, da inuwa da gasasshen kifi da banɗaki mai ruwa da kwale-kwale mai rigar kariya, wallahi za a je. Abu ɗaya da ba zan so mu kwaikwaya ba, Larabawan ƙauyen Sina'i sun daɗe suna kukan an gina gari a ƙasarsu an bar su da jan raƙumi da dafa ma baƙi shayi a daji. In za a yi a nan, masunta da manoman rani na bakin dam ɗin su za a fara zama da su.

*

Malam maigida ne ke son kai mu can da yara, ni kuma ina jin wai wurin tsiraici ne. Ya dace?
Uwargida daga Katsina

Hajiya abin da kika ji akwai shi, ba zan ɓoye maki ba. Yawancin otal na saida giya, Turawa kuma da kayan wankansu suke yawo a bakin ruwa, gaɓar Na'ama da dare kiɗa ne da shisha, ba wurin kai yara bane. Amma ƙasar Musulmi ce, za ki ji kiran sallah, ga masallacin Sahaba da aka buɗe a 2017 a tsohuwar kasuwa, kuma iyalan Misirawa da na Larabawa na zuwa da hijabansu ba mai kallonsu. Ki ce ma Alhaji ya tambaya tun kafin ya biya ko otal ɗin na iyali ne, kuma ko suna barin mata su shiga ruwa da kayan wanka masu rufe jiki, don ba duka ke bari ba. Yara a sa su jirgin ruwa mai ƙasan gilashi, su ga kifi ba tare da sun jiƙe ba, a kuma ja masu kunne kar su taɓa murjani ko su ɓallo shi, laifi ne. Daga Yuni zuwa Agusta zafi na kai maki 40, gara tsakanin Nuwamba da Maris. In da hali ku je Dutsen Ɗuri Sina, tafiyar awa uku ce haka a mota, ku tafi da rigunan sanyi don can sama sanyin ba na wasa bane. Biza kuma a nema tun daga ofishin jakadancin Masar a Abuja kafin a yanki tikiti.