Su a Inda Kogi Ya Haɗu da Teku: Amsa ga Yarona Mai Shirin Tafiya Ikko

Jiya da yamma muna gyaran koma a bakin kogin Galma ka ce mini, "Baba, Kawu ya ce in bi shi Legas bayan salla. An ce can kifi ya fi nan yawa. In na je, tana zan riƙa sa wa ƙugiya kamar yadda muka saba, ko in sayi kifin roban nan da ake jefawa?" Na ce ka bari sai na zauna, don amsar ta fi ƙarfin tsaye.

Ɗana, ka fara da tambaya ta biyu ka bar ta farko. Kafin ka tambayi me za ka sa wa ƙugiya, tambayi yaushe za ka jefa ta.

Ruwan da ka sani duk mai hanya ɗaya ne. Kubanni ta gangaro ta faɗa Galma, Galma ta faɗa kogin Kaduna, Kaduna ta faɗa Kwara, Kwara ta haɗu da Binuwai a Lakwaja, su wuce kudu su rarrabu su shiga teku. Shekara ɗaya cika ɗaya: damina ruwa ya kawo, rani ya janye. To can bakin teku abin da kake jira shekara guda yana faruwa sau biyu kowace rana. Ruwan teku ya turo cikin kogi har ka ga karan da ka jefa yana komawa baya, ya yi kamar awa shida yana hawa, ya ɗan tsaya, sannan ya juya ya yi kamar awa shida yana fita. Ranar da na fara zuwa wajen Badagiri cin rani, ina saurayi kamarka, na kafa ƙugiyoyina a gefe cikin ruwa iya ƙugu, na tafi neman abin karyawa. Da na dawo na tarar da su shimfiɗe a kan taɓo, kaguwa sun taru suna biki a kan ƙoton. Yaran masunta suna kallona suna dariya, ni kuwa ina ta waige-waige ina neman wanda ya kwashe ruwan.

Wannan hawa da sauka wata ne ke jansa, kuma nan ka fi da yawa daga 'yan birni sa'a, tunda kai ka iya lissafin kwanan wata. Kullum cikar ruwa tana jinkiri da kamar minti 50 a kan ta jiya. In yau ruwa ya cika da azahar, mako mai zuwa da azahar za ka same shi a janye, mako na biyu ya dawo maka cike. Sannan ƙarfinsa ba ɗaya ba ne. Daga tsayuwar wata zuwa kwana biyu ko uku, da kuma daren 14 zuwa 16, ruwa yana hawa sosai ya sauka sosai, gudunsa kamar an kora shi. Wajen 7 ga wata da 8, da kuma 22 da 23, sai ya yi sanyi, bambancin cika da janyewa kaɗan ne. A Legas hawan bai cika wuce mita 1 ba, amma a Kalaba yakan kai wajen mita 3. Kada mita ɗayan nan ta ruɗe ka. Ruwan tafkin Legas ne guda yake matsewa ya fita teku ta ƙofa ɗaya, ka san yadda ƙofar masallacin Juma'a take in an sallame.

Kifi yana cin abinci ne lokacin da ruwa ke tafiya. In ya tsaya cak, a ƙarshen cika ko ƙarshen janyewa, ka ajiye sanda ka yi salla ka ci abinci, ba abin da ya wuce ka. Ni lokacin da na fi so biyu ne: awa biyu na ƙarshen hawa, da awa biyu na farkon sauka. Idan ɗaya daga cikinsu ya faɗo da asuba ko gab da magariba, ranar ko zazzaɓi nake yi sai na fita. Dalili kuwa a fili yake. In ruwa ya hau, yakan shiga cikin itatuwan nan na bakin ruwan gishiri masu saiwa a waje kamar ƙafafun gizo, ƙananan kifi da jatan lande da kaguwa su bi shi ciki su yi kiwo. In ya juya, dole su fito, kuma ta ƙananan ƙoramu suke fitowa. Babban kifi ya san haka. Ba ya wahalar da kansa, sai ya laɓe a bakin ƙorama yana jira a kawo masa. Kai ma can za ka tsaya.

Saboda haka kwana ukun farko kada ka jefa komai. Je ka lokacin da ruwa ya janye ƙarƙaf, ka zagaya da ido. Ga inda rami yake, ga inda yashi ya yi tudu, ga kututturen da ya nutse, ga ƙoramar da ba ta ƙafewa. Ka riƙe su da alama ta kan tudu, bishiyar kwakwa ko turken wuta, don in ruwa ya rufe duk wuri ɗaya zai zame maka. Ƙafafun gada ma haka. Ruwa in ya bugi ginshiƙi yakan bar wani ɗan wuri mai sanyi a bayansa, nan kifi ke fakewa. In ruwa ya juya, shi ma ya koma ɗaya gefen.

Yanzu ga maganar tanarka.

Ruwan can zartsi ne, gauraye ne na daɗi da na gishiri, kuma gaurayen yana canzawa da lokaci. Da damina, in kogin Ogun da sauran rafuka suka cika tafkin Legas, ruwan yakan koma kusan irin namu, ja ne mai laka, ciyawar kan ruwa ta rufe ko'ina. A lokacin tana tana aiki, za ka kama karfasa da dangin tarwaɗa, har da farin nan mai ƙaya da Yarabawa ke kira obokun, mai tsada a kasuwa. Da rani kuwa, daga wajen Disamba zuwa Afrilu, gishiri ke da gari. Sa tana a ruwan nan, kafin ka ƙirga ɗari ta mutu ta yi fari ta saki jiki. Amma a lokacin ne manyan kifin teku ke shigowa. Ka kuma riƙe wannan: ruwan gishiri ya fi na daɗi nauyi, shi ya sa yake shigowa ta ƙasa. Sai ka ɗanɗana na sama ka ji salam, alhali a ƙasa gishiri ne, kifin teku na nan kwance. Dalma ce za ta kai ka wurinsu.

Ƙoton da ya fi kowane a wurin shi ne jatan lande mai rai. Ka ɗauko shi ka ɗaga wa haske, za ka ga wani baƙin ɗigo a cikin kansa. In ƙugiya ta taɓa wurin ya mutu nan take. Sai ka soka ta gefe zuwa gefe a ƙarƙashin ƙahon nan na goshinsa, gaban ɗigon kaɗan, da ƙugiya siririya. In ka yi daidai za ka ga yana harba wutsiya a tafin hannunka, wannan harbin shi ke kiran kifi. Ajiye su a kwando mai murfi cikin ruwan da ka kamo su, kada ka kuskura ka zuba musu ruwan famfo. Bayansa sai ƙananan kifi masu rai da za ka samu da birgi, a soke su ta leɓe ko ta baya gaban ƙaya. In ba mai rai, ka yanka ɗanyen kifi mai maiƙo irin bonga, yanka dogo siriri. In ka barbaɗa masa gishiri ya kwana, yakan yi tauri ya daɗe a ƙugiya.

Ɗaurin ba wuya. Zura zare ta cikin dalma mai huda yadda za ta riƙa zamewa, ɗaura ɗan ƙarfen nan mai juyawa ya tare ta, sannan ka ƙara zare mai kauri kamu ɗaya ko biyu zuwa ƙugiya. Kifi in ya ɗauka zai ja zare ya wuce bai ji nauyi ba. Dalmar kuma mafi ƙanƙanta da za ta iya zama a ƙasa ita za ka sa, kana ƙarawa in gudu ya ƙaru, kana ragewa in ya ragu. Kaguwa ce babbar ɓarauniya. In ka ji ana ɗan tsinkar zare tsit-tsit ba a ja, ita ce. Duba ƙugiyarka duk minti goma, in abin ya yi yawa ka ɗaura totuwa ko ɗan kwalaba kusa da ƙugiya ya ɗaga ƙoton daga ƙasa.

Kifin roba fa? Gaskiya da farko raina shi na yi. Na ɗauka wasan masu kuɗi ne da ke fitowa ran Lahadi da gajeren wando. Sai wata asuba na ga wani a bakin duwatsu ya jefa wani abu kamar cokalin shayi, yana naɗe zare da sauri. Jifa na uku ruwa ya fashe, ya jawo barakuda, wani dogon kifin teku mai haƙora, tsawon hannuna, ni kuwa tun kiran salla nake zaune da ƙoto mai kyau ban ga ko motsi ba. Daga ranar na daina zagi.

Bambancin shi ne, ƙoto yana jiran kifi ya zo, na roba kuwa shi ke zuwa neman kifi. Da shi za ka bincike wuri mai faɗi cikin ɗan lokaci, ba ruwanka da kaguwa, ba ruwanka da ajiyar abu mai wari. Amma ba ya aiki shi kaɗai, hannunka ne ransa. Kuma sai kana da sanda mai injin naɗe zare, zaren hannu ba ya yi sosai. Iri biyu sun ishe ka. Cokali mai ƙyalli na masu farauta a sama ne, in ka ga ƙananan kifi suna tsalle suna watsewa ko tsuntsaye suna faɗawa ruwa, ka jefa can gaba da su ka jawo da sauri ta tsakiyarsu. Na roba mai laushi mai kan dalma na masu zama a ƙasa ne. Jefa shi sama da inda kake zato, wato ta inda ruwa ke fitowa, ka bar shi ya nutse har ka ji zare ya saki. Ɗaga kan sanda ɗan kaɗan, ka sauke, ka naɗe ragowar, ka sake. Yawanci a saukowar nan ake ɗauka, za ka ji ƙwas kamar an ɗan ƙwanƙwasa ƙofa, to ka ɗaga da ƙarfi. Kuskuren kowane sabo shi ne jawo shi gaba da gudun ruwa da sauri. Wane ƙaramin kifi ka taɓa gani yana keta ambaliya a guje? Bar ruwa ya kawo shi kamar yadda yake kawo na gaske.

Launi kada ya cinye maka kuɗi. Ruwa garau, fari ko mai ruwan azurfa, da zare siriri, don kifi na ganinka mai jar koma. Ruwa ya ɗan gurɓace, mai duhu ko ruwan gwal. In ya yi ja wur da laka, mayar da roba aljihu ka koma ƙoto, don a nan da hanci kifi ke kiwo. Girma ya fi launi muhimmanci: dubi ƙananan kifin da ke wurin, ka sa daidai su.

In ra'ayina kake so, mai neman na tuwo ƙoto ne jarinsa. Na roba guda ɗaya kuɗin ƙugiya nawa ne, kuma saiwa ɗaya za ta riƙe shi ka dawo hannu rabbana. Ka sayi biyu ko uku ka riƙa koyo da asuba, sauran yini ka yi abin da ka iya.

Barakuda haƙoransa sun fi na tsage, zaren roba ba ya tsayawa gabansu. Ka sa siririyar waya taƙi ɗaya gaban ƙugiya in shi kake nema. Saiwoyi da ginshiƙai kuma duk kawa ce manne, ƙumbarta kamar reza, in babban kifi ya ɗauka kusa da su kada ka ba shi zare ko kaɗan, juyo kansa waje tun a jan farko. Duk kifin da ka cire, shafa zaren da yatsa, in ka ji kaushi yanke ka sake ɗauri. Da ka koma gida ka wanke ƙugiya da inji da wuƙa da ruwan daɗi, in ba haka ba kwana biyu tsatsa ta gama da su.

Akwai abin da ya fi kifi. Na san ka iya iyo, amma iyon Galma ne. Bakin mashigar teku lokacin da ruwa ke fita ba ya barin gwani, ka sa rigar ruwa in za ka hau kwalekwale, kuma ka nisanci hanyar manyan jirage ta wajen Apapa. Tudun yashin da ka taka ka tsaya a kai, ruwa ta baya yake zagayo shi, sai ka waiga ka ga hanyar komawa ta rufe. In kana tafiya cikin ruwa, ja ƙafa a ƙasa kada ka ɗaga, saboda kunamar ruwa tana binne kanta a yashi. In tsautsayi ya sa ta harbe ka, tsoma ƙafar cikin ruwan zafi iya yadda za ka jure, sannan a kai ka asibiti.

Za ka ga wurare a tsakiyar ruwa an kakkafa rassan itace da yawa kamar shinge. Akaja ake ce musu, gonar wani ce, shi ya kafa don kifi su taru. Jefa ƙugiya a ciki daidai yake da shiga gonar mutum ka karya masara. Ƙabilun Egun da Ilaje da ke su a wurin tun kakanni suke kan ruwan nan, da ɗan gari kan ci gari. Ka gaishe su, ka sayi jatan lande a hannunsu ko da kana iya kamawa, ka taya su jan jirgi in sun sauka. Wata guda a haka wani tsoho zai nuna maka da baki inda ramin yake.

Gobe bayan asuba ka zo da zaren nan mai kauri da wayar da ke cikin akwatina. Ɗaurin waya da zare yana da hannu, kuma gara ka ɓata goma a nan gabana kafin motarku ta tashi.