Haɓo da "barci ɓarawo"

Wata baiwar Allah daga Gusau ta aiko da tambaya: "Malam, maigidana yana yawan yin haɓo, kuma wata uku ke nan ba ya samun barcin kirki. Na ce mu je asibiti, ya ce haɓo jini ne ya yi masa yawa, barci kuwa ɓarawo ne, ran da ya ga dama zai sace shi. Shin haka karin maganar take nufi?"

'Yar'uwa, Allah ya ba shi lafiya. Bari in fara da haɓo, wanda ake rubutawa da ɓ mai lanƙwasa. Kalma ce da Hausa ta keɓe wa jinin hanci kaɗai. Wanda wuƙa ta yanka ba a ce ya yi haɓo. Mun saba da shi ƙwarai, domin da hunturu busasshiyar iska tana tsattsaga fatar cikin hanci, da bazara ma zafi yana yin haka. Kowa ya taɓa ganin yaro an ɗaga kansa sama, ana sheƙa masa ruwan randa, an cusa masa ƙyalle a hanci. Ɗaga kan nan kuskure ne, maƙogwaro jinin ke gangarawa, har ya jawo amai. A zauna, a sunkuyar da kai gaba, a matse taushin hanci minti 10 zuwa 15 ba sassautawa, ana numfashi ta baki.

Idan an yi haka bai tsaya ba, ko ya biyo bayan buguwa a ka, ko yana zuwa da jiri, a tafi asibiti a lokacin. Haka in ya haɗu da zazzaɓi mai zafi da jini a dasashi, domin zazzaɓin Lassa yana iya zuwa da zubar jini. Wanda yake yawan dawowa irin na maigidanki shi ma na likita ne. Maganar "jini ya yi yawa" ba ta da tushe, jiki ba randa ba ne da zai tumbatsa. Kada a rikita ta da hawan jini, wanda yake nufin ƙarfin da jini ke danna jijiyoyi. Shi yana iya sa haɓo ya ƙi tsayawa, kuma sai an auna ake gane shi.

To, barci, ko kwana kamar yadda kuke cewa a Zamfara da Sakkwato. A nan maigidanki ya juya karin magana ta baibai. Ana cewa barci ɓarawo ne ga wanda ya ƙuduri aniyar kwana ido biyu: maigadi da sandarsa a hannu, mai jinya a gefen gado, ɗalibi da littafi a cinya. Yana cikin gyangyaɗi sai ya ji kiran assalatu. Abin da Bahaushe yake faɗi shi ne barci ya fi ƙarfin mutum, ba ya neman izini. Saboda haka in ɓarawon da ke sace maigadi a tsaye ya kasa sace mutumin da ke kwance a katifa yana roƙon sa, har wata uku, lallai akwai abin da ya tare ƙofa. Damuwa ce, ko shayi da goron dare, ko wata cuta. Likitoci suna ɗaukar rashin barci dare 3 a mako har wata 3 a matsayin larurar da ke bukatar magani.

Ke ce kike kusa da shi, ki saurara da dare. Idan yana minshari mai ƙarfi, numfashin ya ɗauke, sannan ya zabura kamar an shaƙe shi, ki gaya wa likita, domin wannan yana tafiya da hawan jini. Ku tafi cikin makon nan, ki riƙe duk magungunan da yake sha, har na gargajiya, musamman asfirin, wanda ke hana jini saurin daskarewa.