Amsoshin Tambayoyinku: Takardar Haihuwar Yaron da Aka Haifa a Amurka

Tambaya: Ina zaune a birnin Hustan na jihar Texas, kuma an haifa mini ɗa watanni huɗu da suka wuce. Na kai takardar da asibiti ya ba mu, mai hoton tafin ƙafarsa, domin a yi masa fasfo, aka ce ba ita ake nema ba. Da na bincika sai na ga ana sayar da takarda iri biyu, doguwa da gajera. Wacce zan saya, kuma a ina?

Amsa: Malam, Allah ya raya yaro. Takardar da asibiti ya ba ku ta tunawa ce kawai, ku adana ta, amma ba ita ce takardar haihuwa ta hukuma ba. Gwamnatin tarayyar Amurka ba ta bayar da takardar haihuwa ga wanda aka haifa a cikin ƙasar, domin wannan aiki ne na jihohi, kuma a jihohi da dama ana samun ta a ofishin magatakardan gunduma, wato abin da suke kira kawunti, ko kuma a sashen lafiya na birni. Asibiti yana aika bayanin haihuwa ne zuwa ga mai rajista na yankin, daga nan a shigar da shi kundin jiha, sannan iyaye su nemi kwafi mai hatimi su biya kuɗinsa.

Mafi yawan Hustan na cikin gundumar Harris, amma a nan akwai abin lura. Idan asibitin yana cikin iyakar birnin, sashen lafiya na birnin ne ke riƙe da rajistar, idan kuwa yana wajen iyakar, to ofishin magatakardan gunduma za ku nufa. Akwai kuma babban ofishin jiha a Austin, babban birnin Texas, wanda yake da bayanin kowa, sai dai ya fi ɗaukar lokaci idan ta gidan waya aka nema. Kuɗin bai taka kara ya karya ba: a 'yan shekarun nan dala 22 ake biya a ofishin jiha, dala 23 kuma a na gunduma.

Game da zaɓi kuwa, doguwar za ku saya, kuma ba na shakka a kan wannan. Gajerar taƙaitaccen bayani ne da aka ciro daga kundi, tana iya wadatarwa wajen shigar da yaro makaranta, amma doguwar hoton asalin rajistar ce, mai ɗauke da sunan asibiti da cikakken bayanin iyaye. Ma'aikatar harkokin wajen Amurka tana son takardar da ke nuna cikakken sunan yaro, da ranar haihuwa da wurinta, da cikakkun sunayen iyaye, da sa hannun mai rajista da hatiminsa, da kuma ranar da aka yi rajistar, wadda dole ta kasance cikin shekara guda da haihuwa. Sharaɗin sunayen iyaye ya fara aiki tun shekarar 2011. Shawarata ita ce ku sayi kwafi biyu ko uku lokaci ɗaya, domin ana tafiya da ɗaya tare da takardun neman fasfo, kuma sai bayan an gama aiki ake mayar muku da ita ta gidan waya, alhali a cikin makonnin nan wata buƙatar tana iya tasowa.

Tambaya: Na haifi 'yata a birnin Los Angeles na jihar Kalifoniya a shekarar 2009, muka dawo Kano tana jaririya, kuma takardar haihuwarta ta ɓata lokacin da muka tashi daga tsohon gidanmu. Na ga wani shafi a intanet da ya ce zai samo mini ita a kan fiye da dala ɗari. Ƙanena kuma yana can Kalifoniya, ya ce zai je ya karɓo. Wace hanya ta fi?

Amsa: Hajiya, duka hanyoyin biyu ba na ba ki shawarar bi, kuma zan fara da ta ƙanenki saboda ita ce ta fi kama da mafita. Dokar Kalifoniya ta raba kwafin takardar haihuwa gida biyu. Akwai wanda ake ba masu izini, wato mai takardar da kansa, da iyayensa, da kakanninsa, da yayyensa da ƙannensa, da 'ya'yansa da jikokinsa, da miji ko mata, da kuma lauyan da ke wakiltarsa. Akwai kuma wanda kowa zai iya saya, amma an buga masa rubutu a fuska cewa na bayani ne kawai, ba ya tabbatar da ko wane ne mutum. A wurinmu kawu uba ne, amma dokar can ba ta lissafa shi ba, don haka idan ƙanenki ya je da sunansa, kwafin da ba zai yi miki amfani ba za a ba shi.

Shafukan da ke neman kuɗi masu yawa kuwa, yawancinsu 'yan tsakani ne. Abin da suke yi shi ne su cike miki fom ɗin da ofishin gunduma yake bayarwa kyauta, sannan su aika shi can, kuma sau da yawa kuɗin gwamnati yana nan daban sai kin sake biya. Abin da ya fi kuɗin damuna shi ne bayanan da za ki miƙa musu, wato sunan yarinya, da ranar haihuwarta, da sunanki na gidanku, da hoton katin shaidarki, waɗanda su ne ainihin abin da mai satar sunan mutane yake nema. Ki duba adireshin shafi da kyau: na gwamnatocin Amurka galibi suna ƙarewa da .gov. Kamfanin VitalChek shi ne wanda ofisoshi da yawa suka amince ya karɓi buƙata ta intanet a madadinsu, yana ɗora nasa kuɗin hidima, kuma ya fi kyau ki shiga wurinsa ta mahaɗin da ke shafin gundumar da kanta.

Ofishin da ya dace ki rubuta wa shi ne na mai rajista da magatakardan gundumar Los Angeles, wanda hedkwatarsa ke garin Norwalk. Wanda ya nema ta gidan waya dole ya haɗa da takardar rantsuwa cewa yana cikin masu izini, wadda ya sa wa hannu a gaban notari, jami'in da ke shaida sa hannu. Ofishin jakadancin Amurka a Abuja da ƙaramin ofishinsu a Legas suna yin wannan aiki idan an nemi lokaci tun da wuri, a kan dala 50 kowane hatimi. A nan ne ƙanenki zai yi rana: ki tambayi ofishin ko za su aika takardar zuwa adireshinsa, shi kuma ya turo miki ta kamfanin aika saƙo mai lambar bibiya.

Tambaya: Muna zaune a Bronx, ɗaya daga cikin yankuna biyar na birnin New York, matata ta kusa haihuwa, an ce mana asibiti zai nemi sunan jariri kafin a sallame ta, mu kuwa sai ranar bakwai muke raɗa suna. Mu bar wurin ba rubutu?

Amsa: Malam, Allah ya sauke ta lafiya. Ana iya barin wurin a ƙara sunan daga baya, amma hakan yana jawo cike wasu takardun, kuma yana iya jinkirta katin lambar tsaron jama'a, wato lambar shaida ta Social Security da gwamnatin Amurka ke bayarwa, wanda ake nema a kan fom ɗin da asibiti zai ba ku. Abin da na fi gani shi ne ku daidaita kan suna tun yanzu, ku rubuta shi a fom, ku riƙe shi tsakaninku har ranar suna a yanka rago a sanar da jama'a. Ya zo a hadisi cewa Manzon Allah (SAW) ya sa wa ɗansa Ibrahim suna a daren da aka haife shi, don haka babu laifi a addinance.

Ku kula da rubutun sunan harafi bayan harafi, domin Muhammad da Mohammed sunaye biyu ne a wurin ma'aikacin ofis, kuma sunayenku na iyaye su zo daidai da yadda suke a fasfonku. Haruffa masu lanƙwasa kamar ɗ da ƙ ba sa shiga fasfon Amurka, saboda haka ku rubuta su a miƙe. Sannan ku sani cewa a birnin New York ba ofishin gunduma ake zuwa ba, kuma ba ofishin jiha da ke Albany, babban birnin jihar New York, ba: sashen lafiya na birnin ne ke riƙe da rajistar Bronx da sauran yankuna huɗun, kuma dala 15 yake karɓa a kan kowane kwafi. Idan takardar ta iso kuka ga kuskure, ku koma asibitin kafin yaro ya cika shekara, domin a wannan lokacin gyara ta hannunsu ya fi sauƙi.